Kafin In Roƙa, Sai In Ƙirga

A 2023, bayan cire tallafin man fetur, addu'ata ta dare ta koma ƙorafi zalla. Ɗinki nake yi a wani ɗan shago a Sabon Tasha, a Kaduna. Kuɗin mota zuwa Kasuwar Gumi sayen yadi da zare ya fi ƙarfina, masu kawo ɗinki kuma sun ja baya. In na durƙusa bakin gado sai in jero wa Ubangiji kuɗin haya, kuɗin makaranta, ciwon bayan maigida, in ce amin, in kwanta zuciyata a cunkushe.

Wata dattijuwa a zumuntar matan majami'armu ce ta lura. Bayan an tashi taro ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kullum kina ƙirga abin da babu. Wanda aka ba ki fa, wa ke ƙirga shi?" Ta koya mini abin da ta samo wajen ƙanwarta 'yar Katolika, hanyar Ignatius na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556. Shi ya koya wa mabiyansa su bi ranarsu daki-daki a gaban Allah, su kuma fara da godiya kafin komai.

In yara sun yi barci sai in ajiye waya, in karanta Zabura 103, inda Dawuda ke gargaɗin ransa kada ya manta da alheran Ubangiji. Daga nan in ɗauko ranar tun daga asuba. Na hana kaina cewa "na gode don komai", domin na gane lalaci ne. Sai na kama sunan abu. Daren farko shiru na yi, kaina wayam. Can sai na tuna allurar keke da ta karye da rana, guntunta ya wuce ta gefen idona. Na tuna an kawo wuta daidai lokacin da zan goge kayan amarya. Na tuna Hajiya maƙwabciyata da ta buɗe mini ƙofa na ɗebi ruwa a rijiyarta. Duk sun faru a gabana, ko na gode ban ce ba.

Da tafiya ta yi nisa na ga yawancin alherin ta hannun mutane yake iso ni. Labarin kutare goma a Luka 17 ya riƙa damuna, su da aka warkar amma ɗaya tak ya komo. Sai na shiga gidan Hajiya takanas don in gode mata. Ta ce, "Haba maƙwabciya, ruwa ai na Allah ne."

Akwai daren da godiyar ta gagara. Autana na kwance a asibiti da zazzaɓin cizon sauro, jikinsa kamar garwashi, ana ƙara masa ruwa. Ban tilasta wa bakina ba, tsorona na faɗa wa Yesu yadda yake. Abu ɗaya kawai na iya ambata: mai keke napep ɗin da ya tsaya mana wajen ƙarfe ɗayan dare, ya jira har aka karɓe mu.

Yanzu yaran ba sa yarda su kwanta sai an yi da su, kowa ya faɗi nasa uku. Jiya autan ya ce ƙosai, ya ce malamarsu, sannan ya ce mai keken nan, wanda har yau ba mu san sunansa ba.