Inda masu gari ke ci

Yau da azahar yunwa ta kama ni a tsakiyar babban birnin ƙasar da na zo ziyara. Gidajen abincin bakin dandali duk sun sha ado, ga hotuna a bango, ga yaro a ƙofa yana ta kiran masu wucewa, amma kujeru wayam. Sai na tambayi wani dattijo mai gadin ofis, "Baba, don Allah kai a ina kake ci?" Ya yi dariya, ya nuna mini wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa.

Ɗan ƙaramin wuri ne, layi har waje, ma'aikata da katin shaida rataye a wuya, kowa na duban agogo. Ina tsaye tukunya ta ƙare, aka sauke wata tana tururi. Nan hankalina ya kwanta, don inda ake rububi haka abinci ba ya kwana. Kuɗin ma da sauƙi, su na dandali ai har hayar wurin suke zuba maka a faranti. Ina ci ina tunanin baƙi nawa ne ke barin garin nan ba su taɓa ɗanɗana abin da mutanensa ke ci ba.