Ashe daga jirgin ƙasa muka gaji wannan aiki

Jiya oga ya sa ni zana tsarin ma'aikatan ofishinmu, wa ke ƙarƙashin wa. Ina cikin laluben samfuri na ci karo da wanda Daniel McCallum ya tsara wa kamfanin jirgin ƙasa na New York da Erie a Amurka, a 1855. Siffar bishiya gare shi: daraktoci ne saiwa can ƙasa, layuka da tashoshi su ne rassa. Wallahi ya burge ni.

Kuma ba don ado aka yi ba. Layin ya haura mil 400, mutum ɗaya ba zai sa ido ko'ina ba. Tun a 1841 jirage biyu suka yi taho-mu-gama a layin wani kamfanin jirgin ƙasa, Western Railroad, aka rasa rayuka, dole aka raba layin yanki-yanki, kowanne da shugabansa. McCallum ya ƙara da rahoto ta tangaraho, wani ma kowace awa.

Amma ni akanta, gwanina Albert Fink ne na kamfanin jirgin ƙasa na Louisville da Nashville, wanda ya dage sai an san kuɗin ɗaukar tan ɗaya na kaya tsawon mil ɗaya. Tambayi masu tirela nasu lissafin yau, ka ji kame-kame.