Kuskure ɗaya nake nema, ba biyu ba

A filin atisaye babu wanda ya kai ni iya golf. Kwandon ƙwallaye a gefe, ƙasa a shimfiɗe, in na farko ya karkace sai in jawo na biyu da kan sanda in gyara. Ranar gasa kuwa ƙwallo ɗaya ne, inda ya faɗi nan za ka je ka same shi, ko cikin yashi ko gindin bishiya. Wannan tazarar ce ke ci min tuwo a ƙwarya tun da na sa a raina sai na zama ƙwararre.

Gasar da na shiga kwanan nan ta kwana huɗu ce, rami 18 kullum, bayan kwana biyu a yi tankaɗe da rairaya a sallami na baya. Ina cikin waɗanda aka sallama. Abin takaicin, yawancin ramukan lafiya lau na buga su. 'Yan ƙalilan ne suka kashe ni, duk daga bugun farko da direba, wato sandar da ta fi kai ƙwallo nesa. A ɗaya, ƙwallon ya lanƙwasa hagu ya tsallake fararen turakun iyaka. Doka ba ta da sassauci a nan: a ɗora maka bugu ɗaya na hukunci (a golf mai ƙarancin bugu ke cin gasa), ka sake bugawa daga inda kake, wato kana kan bugu na uku alhali ko taku ɗaya ba ka yi ba. Rami na gaba tsoron hagu ya sa na bar fuskar sanda a buɗe, ƙwallon ya shige doguwar ciyawa ta dama. Tun 2019 minti 3 kacal ake ba mutum ya nemo ƙwallonsa, da can 5 ne. Ban same shi ba.

Kocina bai ce komai a kan maki ba. Abin da ya dame shi shi ne ɓatan nawa hanya biyu ne. Wanda kullum ƙwallonsa dama yake zamewa ya san inda zai saita, rabin fili ya fita daga lissafinsa. Ni kuwa ina zan saita?

Mun duba bidiyo, dalilin a fili yake. Da zarar gabana ya faɗi sai ƙuguna ya tsaya da juyawa, hannaye su wuce jiki su rufe fuskar sanda. Yanzu aikinmu guda ne: ƙwallon ya tashi ta hagu kaɗan ya dawo dama, kowane lokaci. Na sauya riƙo, gaɓoɓin yatsu biyu nake gani a bayan hannun hagu maimakon uku. Nisan bugun ya ɗan ragu, kuma gaskiya abin yana min ciwo idan abokin wasa ya wuce ni. Atisayen ma ya canza. Ba na ƙara jera ƙwallaye da sanda ɗaya. Kowane ƙwallo da sandarsa da inda aka nufa da shi, sai na koma baya na saita kamar a gasa, kuma wanda ya lalace ya lalace ke nan.

Masu ba ni baki sukan kawo shahararren ɗan golf Tiger Woods, wanda ya ci babbar gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, ya rushe salon bugunsa ya sake gini, a 1998 ya ci gasa ɗaya tak ta PGA Tour, wato jerin gasannin ƙwararru na Amurka, a 1999 ya ci takwas. To, shi da kofi a hannu ya yi gyaransa, ni kuɗin rajista ma daga aljihuna yake fita. Wanda ya fi kwanta min a rai Nick Faldo ne. Ya kama gyaran bugunsa da koci David Leadbetter a 1985, ya sha wuya kusan shekara biyu, sannan ya ci babbar gasar Open a filin Muirfield na Scotland a 1987. Ranar ƙarshe ramukan nan 18 duk ya buga su daidai adadin da aka ƙayyade wa kowanne, babu ƙari babu ragi. Mai kallo zai iya yin gyangyaɗi. Ni irin wannan ranar nake mafarki.

Saura gardama ɗaya tsakanina da koci kafin gasa ta gaba. Ni ina so in bar direba a jaka a duk matsattsen rami, in buga da sanda mai lamba uku, wadda ba ta kai direba nisa ba amma ta fi sauƙin saiti. Shi kuma ya ce sabon bugun ba zai taɓa zama nawa ba sai na buga shi a gaban fararen turaku da katin maki a aljihu.