Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Takardar da ke jikin firiji

Makon jiya mun tsaya a inda na sauka Columbus, babban birnin jihar Ohio ta Amurka, a tsakiyar Agustan 2014, domin karatun digiri na biyu a fannin noma a Jami'ar Jihar Ohio. Na kama haya a saman benen gidan wani dattijo Bature, tsohon direban motar 'yan makaranta da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wani ɗan Zangon Kumasi, ya girme ni, ya kuma riga ni zuwa da daɗewa. Hausa a bakinsa raɗau. Yaya nake ce masa.

Kicin ɗaya muke amfani da shi mu uku. A ƙofar firiji dattijon ya manna wata takarda da maganaɗisu, cike da sunaye a rubuce da fensir, an goge wasu an sake rubutawa har takardar ta yi baƙi-baƙi. Na ɗauka lissafin masu binsa bashi ne. Yaya ya ce, "Ƙanena, zauna in koya maka. In ba ka iya karanta takardar nan ba, ba ka da abin hira da kowa a garin nan har Janairu."

Hasashen 'yan wasan da za su fara bugawa ƙungiyar jami'a ne, Buckeyes, a kakar da ke tafe. Wasan ƙwallon Amurkawa ne, ba irin tamaular da muka taso da ita ba. Ƙwallon dogo ne, da hannu ake ɗaukarsa, 'yan wasa sanye da kwano a ka. Mutum 11 ke kai hari, wasu 11 daban ke tsaro, kuma a kowane gurbi akwai suna biyu ko uku a jere: mai farawa, sai mai jiransa, sai mai jiran mai jira. Duk watan Agusta ana atisaye a rufe, su kuma mutanen gari suna ta tsinto labari daga rediyo da jarida, kowa na gyara jerinsa.

Suna ɗaya kacal dattijon ya rubuta da biro, Braxton Miller, a gurbin kwatabak. Kwatabak shi ne madugun ayari: shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya zaɓi ko ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Miller ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasan hari na rukunin jami'o'in Big Ten a 2012 da 2013. Da shi koci Urban Meyer ya ci wasa 24 a jere kafin Michigan State da Clemson su doke su a ƙarshen kakar da ta wuce. Damuwar dattijon tana kan ƙarti biyar da ke tsayawa gaban kwatabak su kare shi. Huɗu daga cikin na bara sun gama, Taylor Decker kaɗai ya rage. Mai ruga da ƙwallo Carlos Hyde shi ma ya tafi, an sa ido kan wani yaro Ezekiel Elliott, wanda ya ji rauni a wuyan hannu ana tsakar atisaye. A ɓangaren tsaro kuwa, da dattijon ya ambaci ɗan wasa Joey Bosa sai ya yi murmushi ya wuce.

Ranar 18 ga Agusta Miller ya jefa ƙwallo a wajen atisaye, ba wanda ya taɓa shi, kafaɗar da aka yi masa aiki a farkon shekara ta sake lalacewa. Washegari aka tabbatar ba zai buga ko wasa ɗaya ba a kakar.

Na sauko da asuba zan dafa shayi, na tarar da dattijon tsaye gaban firiji da tabarau a kan hanci. Biro ba ya goguwa, don haka layi ya ja a kan sunan, a hankali, sau ɗaya. Ya daɗe riƙe da fensir bai rubuta komai ba. Na yi masa jaje yadda muka saba, na ce Allah ya ba yaron lafiya. Ya juyo ya kalle ni sosai, karon farko tun zuwana gidan, ya ja kujera ya ce in zauna. Ranar na ji yadda shi da matarsa suka shafe shekaru suna zuwa filin Ohio Stadium, wanda ke cin mutum sama da 100,000, da yadda ita ce take rubuta jerin nan kowane Agusta saboda rubutunta ya fi kyau.

Sunaye biyu ne a ƙarƙashin Miller. Cardale Jones, dogo ƙaƙƙarfa ɗan Cleveland, shi aka ɗauka na biyu tun bazara, amma dab da wannan rauni J.T. Barrett ya sha gabansa a atisaye. Barrett ɗan Wichita Falls ne a Texas, bai taɓa buga wa jami'ar wasa ba, rabonsa da fili tun 2012 da ya ji rauni a gwiwa yana sakandare. Shi Meyer ya zaɓa. Dattijon ya ɗaga sunansa sama, ya bar Jones a inda yake.

Har yau ina jin abin a raina. Yaran nan ɗalibai ne kamata, wasu ko shekara 20 ba su kai ba. Kuɗin makaranta da masauki da abinci ake ɗauke musu, amma a lokacin albashi babu, kuma sai a 2021 aka ba 'yan wasan jami'o'i damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Gari guda na ɗora musu fatansa, ana sayar da tikiti da riguna, sannan kafaɗa ɗaya ta goce a yini ɗaya a ja layi a kan sunan mutum. Tun daga lokacin idona ya fi zuwa kan sahu na biyu da na uku, waɗanda ke shan atisaye iri ɗaya ba tare da an kira su ba. Ku riƙe sunan Cardale Jones. Barrett zai karye a idon sawu a wasan Michigan cikin Nuwamba, kuma wannan na ukun ne zai jagorance su su doke Wisconsin da Alabama da Oregon har su ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2015. Za mu zo kansa dalla-dalla.

A wancan makon dai ba wanda ya san haka. Ranar 30 ga Agusta muka zauna mu uku a falo, Yaya ya yi mana waake da shito, aka buga da Navy, ƙungiyar makarantar sojan ruwa, a Baltimore. An je hutun rabin lokaci Ohio na baya, dattijon ya kasa cin abinci. Daga baya Barrett ya nutsu, aka tashi 34 da 17. Da aka kashe talabijin sai dattijon ya shiga ɗaki ya fito da ambulan. Tikiti biyu ne na wasan gida na farko, da Virginia Tech, ranar 6 ga Satumba. Ya ce kujerar matarsa ta daɗe babu kowa, in ina so in raka shi.

Yadda shigata filin ta kasance, da abin da ya sa muka dawo gida ba mai ce wa wani uffan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.