Tagar da Muke Rufewa da Wadda Muke Bari a Buɗe

Ƙaramin kamfani gare ni, mu huɗu ne, aikinmu kula da kwamfutocin ofisoshin da ba su da ma'aikacin fasaha nasu na kansu. Mutane sun ɗauka wuni muke yi muna kwance na'ura da sukudireba. Alhali yawancin kiran da ke shigo mana a kan burauza ne, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kuma kuka biyu ne ke ta maimaituwa: ko an danna abu ya ƙi buɗewa, ko wasu tagogi suna ta faɗowa ba wanda ya kira su.

Kwanaki wata akanta ta kira ni ranta a ɓace. "Malam, na biya kuɗin, amma rasit ya ƙi fita, sau uku ina dannawa." Da na je, sai na nuna mata wata 'yar alama a ƙarshen layin adireshi, can dama, wadda ke cewa an tare taga. Burauza na duba ne ko taga ta biyo bayan dannawar mutum nan take. Shafin nan kuwa sai ya jira amsa daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kafin ya buɗe rasit, kafin amsar ta iso burauza ta daina lissafa dannawar, sai ta ɗauke shi talla. Abokin aikinta har ya ba ta shawarar ta kashe mai tare tagogin gaba ɗaya. Na ce a'a Hajiya, ba a rushe katanga don baƙo ɗaya ya shigo. Adireshin shafin kaɗai na sa cikin jerin waɗanda aka yarje wa, rasit ya fito.

Ba banza aka gina katangar ba. Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta lambar (wato umarnin kwamfuta) tallar da ke faɗowa a taga a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, da kansa ya fito ya nemi afuwa a 2014. Burauzar Internet Explorer ba ta samu mai tarewa ba sai 2004. Yau Chrome da Firefox da Edge duk a kunne suke zuwa da shi.

Maganar JavaScript ta fi wuyar sha'ani. Shi ne harshen kwamfuta da Brendan Eich ya ƙirƙira a Netscape a 1995, kuma da shi shafi ke motsi: ya duba fom, ya loda saƙo, ya buɗe taga. Wani mai ofis ya ji an ce ta nan ɓarna ke shigowa, sai ya ce in kashe masa shi a kowace na'ura. Na kashe a ɗaya na ce ya gwada. Imel ya tsaya cak, shafin banki ya ƙi karɓar shiga, taswira ta zama fari fat. Firefox ma tun 2013 ta cire akwatin kashe shi daga saitinta na gama-gari. Abin da nake yi shi ne, kwamfutar da ake biyan kuɗi da ita kaɗai nake toshe wa JavaScript, sannan mu zauna da mai ita mu buɗe wa shafukan da aikinsa ke bukata ɗaya bayan ɗaya. Yakan ci awa guda, wani lokaci fiye, domin shafi ɗaya kan jawo lamba daga wasu adireshin daban. Ban taɓa ganin awar nan a matsayin asara ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne sanarwa. Wani dattijo ya kira ni murya na rawa, wai saƙo ya fito a kusurwar allo cewa ƙwayar cuta ta kama kwamfutarsa, ga lambar waya ya kira maza. Na ce, "Baba, don Allah kada ka kira, kada ka danna komai, ga ni nan tafe." Babu wata cuta. Wani shafi ne ya yaudare shi ya danna maɓallin amincewa, wai don ya tabbatar shi ba mutum-mutumi ba ne, ashe izinin turo sanarwa ya bayar. Mai tare tagogi ba ruwansa da wannan, saitinsu daban. Na buɗe jerin, ga baƙin adireshi reras da bai san ko ɗaya ba. Na goge su, na hana shafuka sake neman izinin. Na kuma gaya masa abin da nake gaya wa yaran da nake koya wa aiki: shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka, duk wanda ya ce ya gano cuta ƙarya yake yi.

Kowane ofis muna bar masa takarda ɗaya mai ɗauke da shafukan da aka yarje wa, da dalilin kowanne, da sunan wanda ya nema. Bayan wata uku mu dawo mu bi ta layi-layi tare da burauzar, mu sabunta ta, duk shafin da aka daina amfani da shi mu cire.