Daga Lyon zuwa Ivry, a sawun masu binciken kisa

Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauko ni daga Paris, cikin awa biyu na sauka Lyon. Na miƙe bakin kogin Saône, inda tsohuwar babbar kotun garin take da ginshiƙanta 24. Baƙi na ta ɗaukar ginshiƙan hoto, ni kuwa rufin na zuba wa ido. A ɗakuna biyu na can ƙarƙashinsa Edmond Locard ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a 1910, da mataimaka biyu kacal. Aƙidarsa ita ce mai laifi ba ya shiga wuri ya fita bai bar ƙura ko gashi ko zaren tufa ba.

Da na haye gaɓar kogin Rhône sai jikina ya yi sanyi. A zamanin malamin Locard, likitan binciken gawa Alexandre Lacassagne, mutuwaren garin jirgin ruwa ne da aka ɗaure a bakin wannan kogi. Ba a san penisilin ba tukuna, likita ya yanke yatsa yana aikin gawa, yana iya binta lahira. Haka Lacassagne ya sa aka tono ruɓaɓɓiyar gawar da aka tsinta a Millery a 1889. Ya auna ƙasusuwanta, ya duba haƙora, ya ga mai ita yana ɗingishi, ya gwada gashinta da wanda ya maƙale a matajin wani ma'aikacin kotu da ya ɓace a Paris mai suna Gouffé. Ashe shi ne. Wallahi wannan haƙuri da juriyar wari sun cancanci a riƙa tunawa da su.

A kan hanyar komawa na ratsa Ivry-sur-Seine, dab da Paris. Unguwa ce ta ma'aikata, kowa na harkar gabansa. Jules Bonnot, wanda ya taɓa yin kanikanci a Lyon, yana fashi da mota lokacin da yawancin 'yan sanda ke kan keke. Ranar 24 ga Afrilu, 1912, Louis Jouin, mataimakin shugaban 'yan sandan ciki na Paris, ya hau benen wani shago a nan don yin bincike, bai san Bonnot na ɓoye a ciki ba. Nan take Bonnot ya harbe Jouin har lahira, ya raunata abokin aikin Jouin, ya fice ta taga. Bayan kwana huɗu aka yi wa Bonnot ƙawanya a Choisy-le-Roi, sai da aka sa nakiya kafin a cim masa.