Taya mai rage shan mai: abin da na gani a hanyar Gumel zuwa Kano

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar tasha ta sauya. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. Mu masu jigila tsakanin Gumel da tashar Yankaba a Kano kowa sai ya zama malamin lissafi. Wani ya kai mota wajen bakanike a ɗaure mata mai har ta koma ba ta iya jan lodi, wani ya koma sakin giya a gangara duk da hanyarmu ba ta da gangaren kirki, masu hali kuma suka shiga zancen gas. Taya kuwa ba mai kallonta sai ta yi faci ko ta suɗe.

Ɗan wana da ke karatun kanikanci ne ya fara jawo hankalina. Mun dawo daga Kano da la'asar, na tsaya a Gujungu sauke kaya, sai ya ce, "Baffa, ɗora hannunka a kan tayar baya." Na ɗora, na janye ba shiri. Ya ce, "To wannan zafin, manka ne ya hura shi."

Bayanin da ya yi min ya zauna min daram. Duk inda taya ta taɓa kwalta sai ta lotsa, in ta juya ta miƙe, ta sake lotsawa, haka ɗaruruwan sau a minti guda. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Injin ne ke biyan wannan asarar, shi kuma injin fetur yake sha. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa mai saɓulalliyar taya ya san abin a ƙirjinsa: jarkokin ba su ƙaru ba, amma kurar ta yi nauyi. Masu ƙera taya sun ƙiyasta cewa a ƙaramar mota, kusan tanki ɗaya cikin biyar wajen murza tayoyi yake tafiya. In aka rage wannan turjiyar da kashi 10 cikin ɗari, shan mai yana sauka da kashi 1 zuwa 2. Lambar ba ta da girma, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya je kasuwa, don kada mai shago ya sayar masa da mafarki.

Dabarar ƙera taya mai rage shan mai kanta ta daɗe. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da taya da aka cuɗa robarta da silika, wani sinadari da ake samu daga yashi, a madadin wani ɓangare na baƙin garin da aka saba zubawa. Robar ta rage ɗaukar zafi, kuma ba ta rasa riƙon jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Yanzu kusan kowane babban kamfani yana da irin tasa: Bridgestone na da Ecopia, Continental na da EcoContact, Goodyear na da EfficientGrip, Yokohama na da BluEarth.

Kafin in sayi komai, sai da muka duƙa muka karanta tayoyin da ke jikin Sharon ɗina. Tokumbo ne, irin wanda kusan duk tasha ke sawa, tunda tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, daga waje muke jiran taya, sabuwa ko tsohuwa. Biyu daga ciki suna ɗauke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiyarsa. Wato tayoyin hunturu ne, an yi su don sanyin Jamus da Beljiyam. Robarsu laushi gare ta, zanensu cike da ƙananan tsage don su kama ƙanƙara. Mu a kasuwa wannan zanen ne ke ruɗar mu, sai a ce "dubi haƙoranta, kamar sabuwa." A kwaltar Jigawa cikin watan Afrilu kuwa, irin wannan tayar ta fi kowacce lotsawa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi shan mai, ta kuma fi saurin cinyewa. A ganina rabin ribar da na samu daga rabuwa da su ta fito, ba daga wata bajintar sabuwar tayar ba.

Akwai kuma lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga wannan ranar, ko ta hau kwalta ko tana kwance a shago.

Da na shiga Kano saye, takardar da ke manne a jikin sabuwar taya na riƙa nema. Doka ce ta Tarayyar Turai tun Nuwamban 2012, aka sabunta ta a Mayun 2021, don haka ba kowace taya ke zuwa mana da ita ba. In akwai, za ka ga hoton famfon gidan mai da harafi daga A zuwa E, shi ne shan mai. Gefensa hoton girgije da ruwan sama, shi ma da harafinsa, shi ne riƙon jiƙaƙƙiyar hanya. A tsohon ma'auni mai kaiwa G, tazarar mafi kyau da mafi muni ta kai wajen kashi 7.5 cikin ɗari na mai. Ta ɓangaren birki kuwa, mota mai gudun kilomita 80 a jiƙaƙƙiyar kwalta tana iya ƙara tafiyar mita 18 kafin ta tsaya in tayarta ta ƙarshen layi ce. Mita 18 a hanyar da shanu ke tsallakawa ba sallama. Shi ya sa na ƙi wata mai A a mai amma D a ruwa, duk da ta fi araha.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne lambar lodi. Mai shagon, wani dattijo mai fara'a, ya gangaro min da wata kyakkyawa, girmanta daidai da nawa, 195/65 R15. Ya ce, "Direba, ga irin wadda kake nema, ko mai ba ta sani ba." Na duba bayan girman na ga 91H. Na ce, "Alhaji, ai wannan ta ƙananan motoci ce." Lamba 91 tana nufin kowace taya kilo 615 take ɗauka. Sharon kuwa 95 take so, mai kilo 690, wadda ake rubuta wa XL ko Reinforced. Yawancin tayoyin rage shan mai na wannan girman 91 ne, kuma za su hau rim ɗinka lafiya lau, ba abin da zai nuna maka matsala sai ranar Alhamis da ka ciko fasinjan kasuwar Maigatari da buhunansu. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai ka zo da karatunka." Ya aika yaro wani shagon, aka kawo mai 95, B a mai, B a ruwa. Ita na ɗauka, guda huɗu. Kuɗin ya yi zafi, sai da na haɗa da abin da na samu na riɗi.

Daga nan na wuce aka yi min alaimen, wato saitin ƙafar mota. Tayar da ƙafarta ta karkace jan ta ake yi a kwalta maimakon ta gangara, kuma ramukan hanya ba sa barin ƙafar mota a saiti.

Awon kuwa haka na yi shi: in cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, don kowa ya san ba duk lita ce lita ba, in mayar da mita sifili, in rubuta a ɗan littafi. Makonnin farko ban ga komai ba, har raina ya fara ɓaci. Ashe sabuwar taya, saboda kaurin zanenta, ta fi wadda ta sha hanya turjiya, sai ta ɗan ci ƙasa take sakin jiki. Ga iskar hunturu da ke bugun mota ta gaba in za ka Gumel, ga lodi yau da yawa gobe kaɗan. Sai da na tara lissafin watanni sannan abin ya fito: zuwa da dawowa, tafiyar da ta kai wajen kilomita 240, ina tsira da kusan lita guda. Wanda zai raina lita guda ya raina, amma ni kusan kullum ina kan hanya, kuma a farashin lokacin ta biya kuɗin tasha da na abincin rana.

Sai dai duk wannan ribar iska ce ke riƙe da ita. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin mota, a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, kashi biyu: na mota wayam da na cikakken lodi. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Mai facin tasharmu, Allah ya saka masa, da ƙarfe yake ƙwanƙwasa taya ya saurari ƙararta. Na ce, "Baba, a sa geji mana." Ya ce, "Yaro, kunnena ya girmi gejinka." Ban ja da shi ba, na sayi ƙaramin geji na ajiye a mota, ina aunawa da sassafe kafin taya ta ɗau zafi.

Akwai wata al'ada da nake so 'yan'uwana direbobi su bari: sace iska lokacin bazara wai don kada taya ta fashe. In taya ta yi tafiya iskarta tana ɗan hawa, masu ƙera ta sun san da haka. Ka rage mata, sai ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi, zarenta na ciki ya gaji. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ga lodi ga zafin rana ita ce kan gaba wajen fashewa, kuma kafin ta fashe ta riga ta sha maka mai.

A hanyar ƙauyenmu kuwa, daga inda kwalta ta ƙare, ban ga wani amfanin sabuwar tayar ba. Cikin rairayi ƙasar ce ke riƙe mota, ba robar ba. Da damina zanenta marar zurfi yana cika da taɓo ta riƙa sulɓi, kuma ƙaya ba ta jin kunyarta. Ƙanena da ke jan a-kori-kura yana kwaso amfanin gona ya tambaye ni ko shi ma ya saya. Na ce masa ya nemi mai kauri, mai harafin C ta motocin kaya, ya dai tabbata ba ta ƙanƙara ba ce, ya kuma zo in ba shi aron geji.